"Ya bar mata da ɗiya": yadda ƙwaƙwalwa ke raba ɗaya da yawa kafin baki ya buɗe

Da kuskurena zan fara, don shi ne ya jawo wannan rubutu.

Kwanakin baya, da marece, an kawo muna takardar sanarwar rasuwa daga wani ƙauye na wajen Matankari. Da biro aka rubuta ta, cikin gaggawa, kamar yadda aka saba. Layin ƙarshe ya ce: "Ya rasu ya bar mata da ɗiya." Na karanta ta sau biyu, na wuce zuwa cigiyar awakin da suka ɓace. Washegari da hantsi sai ga wani dattijo bakin ƙofar gidan rediyo, ƙanen mamacin ne, ransa a ɓace. Bayan mun gaisa ya ce: "Ɗana, wa ya ce maka macce guda gare shi? Mata biyu ya bari da ɗiya tara. Yadda ka hwaɗe ta, kowa macce guda da ɗiya macce guda ya ji. Yanzu dangin amarya sun ce mu munka sa a hidda ta, don maganar gado." Na ce: "Baba, ka yi haƙuri, ga takardar nan, abin da anka rubuta shi na karanta." Ya karɓa ya duba, ya miƙo mini. Ya ce: "Ai daidai anka rubuta. Muryarka ce ta karkace."

Dattijon ya fi ni gaskiya. A takarda "mata" ɗaya ce, harafi huɗu. A baki kuwa biyu ce. In matar aure guda kake nufi, murya tana farawa ƙasa ta hau sama. In da yawa ne, gaɓoɓin biyu duka sama suke tafiya. Haka "ɗiya" take a Hausarmu ta nan yamma: da wannan karin ɗiya mace guda, da wancan ƴaƴa gaba ɗaya. Malaman Hausa suna ce wa wannan hawa da saukar murya karin sauti, kuma rubutunmu na boko na yau da kullum ba ya nuna shi. Tun ran nan nake tambayar kaina, a wane lokaci ne kai ke yanke cewa abu ɗaya ne ko da yawa, tilo ne ko jam'i, tunda ba mu taɓa jin kanmu muna wannan shawara ba?

Akwai masanan da wannan tambaya ita ce aikinsu. Fitacce cikinsu shi ne Willem Levelt, ɗan ƙasar Holand, wanda ya daɗe yana aiki a cibiyar Max Planck ta birnin Nijmegen. A 1989 ya fitar da littafi kan yadda magana ke tasowa daga niyya har ta kai leɓe. A lissafinsa, mai hira yana fitar da kalma 2 zuwa 3 cikin kowane sakan, yana tsamo su daga dubban kalmomin da ya sani, kuma da wuya ya yi tuntuɓe fiye da sau 1 ko 2 cikin kalma 1000. In aka nuna wa mutum hoto aka ce ya faɗi sunan abin da ke ciki, sakan guda ma ba ya cika, wajen kashi 6 cikin 10 na sakan ya ishe shi.

Cikin wannan ɗan ƙiftawar ido, in ji Levelt, aiki hawa-hawa ake yi. Da farko ma'ana: me nake so in faɗa, dabba ce, guda ce ko garke. Sannan a zaɓo kalmar da halinta na nahawu, wato namiji ce ko mace, tilo ko jam'i, amma har yanzu ba ta da sauti. Bayan nan ne ake tufatar da ita da sauti, gaɓa-gaɓa, da karinta. Daga ƙarshe harshe da leɓe su motsa. Kowa ya san lokacin da aikin ke tsayawa a tsakiya, sa'ad da za ka ce "wallahi yana bakina" amma sunan ya ƙi fitowa. A 1997 an gwada mutanen Italiya da ke cikin irin wannan hali, aka ga sau da yawa suna iya faɗin ko kalmar da ta maƙale namiji ce ko mace, alhali sautinta bai zo musu ba. Ke nan nahawun kalma da sautinta ba wuri guda suke ajiye ba.

Ni dai a ganina Hausa ta fi ma nuna wannan a fili. Dubi: farin rago, farar tumkiya, fararen tumaki. Kafin ka furta "tumaki" ka riga ka ce "fararen". Ashe ƙwaƙwalwa ta gama yanke cewa da yawa ne tun sunan bai fito ba. Kuma hukuncin yana bin jimlar har ƙarshenta: rago ya ɓace, tumkiya ta ɓace, tumaki sun ɓace. Da zarar an shiga jam'i, maganar namiji da mace ta ƙare, kowa "sun" ne. Abin da ya same ni ran nan shi ne aikin ya juyo baibai. Mai magana daga ma'ana yake farawa, ni kuwa daga haruffa na fara, kuma kalmomin biyu suna ƙarshen jimla, babu "ta" babu "sun" a bayansu da zai yi mini jagora. Kai ya cike giɓin da abin da ya fara zo masa, bai ko gaya mini cewa zaɓi ya yi ba.

To, in an yanke cewa jam'i ne, daga ina siffar kalmar ke fitowa? Nan ne gardamar masana ta fi zafi. Wasu sun ce kowace kalma a ajiye take cikakkiya, kamar hatsi cikin rumbu: "gida" na nan, "gidaje" na nan, ɗauko kawai ake yi. Wasu sun ce a'a, tilo kaɗai ake ajiyewa, jam'i ƙera shi ake yi nan take bisa ƙa'ida, kamar yadda maƙeri ke ɗaukar ƙarfe ya fitar da hauya. Wani masani na Amurka, Steven Pinker, ya rubuta littafi guda a 1999 yana cewa duka biyun ne ke aiki tare. Wanda ya san Hausa ba zai sha wahalar yarda da shi ba.

Ga dalili. A Ingilishi kusan ƙa'ida guda ce, a liƙa "s" a ƙarshe. Maƙwabtanmu Zabarmawa su ma abin da sauƙi, "boro" mutum, "borey" mutanen. Fulani kuwa har farkon kalmar suke taɓawa, Pullo ya koma Fulɓe. Mu fa? Paul Newman, a babban littafinsa na nahawun Hausa na shekarar 2000, ya kasa jam'in Hausa manyan gida 15, kowane da rassansa. Gida gidaje, gona gonaki, rijiya rijiyoyi, ƙauye ƙauyuka, birni birane, dutsi duwatsu, raƙumi raƙuma, kaza kaji, manomi manoma, Ba'are Arawa. Ga kuma waɗanda ba su ko yi kama da juna ba, sa da shanu, macce da mata. Babu ƙa'idar da za ta kai ka daga "sa" zuwa "shanu". Wannan sai rumbu, dole ka taɓa ji ka ajiye.

Amma maƙerar ma tana nan da wutarta. Kakanninmu ba su san mota ba, da ta zo ba a kira taro ba aka ce motoci. Waya wayoyi, tasha tashoshi, lamba lambobi, soja sojoji, minista ministoci. Duk baƙuwar kalma da ta shigo, mafi yawa wannan ƙirar take bi: a sa "o", a maimaita baƙin ƙarshe, a rufe da "i". Lura ma da abin da baki ke yi ba da saninka ba, ba "mototi" kake cewa ba, "t" ta koma "c" gaban "i". Ba wanda ya koya maka wannan a lakkwal.

Hanyar da aka fara tabbatar da wannan ƙira a kan yara tana da ban sha'awa. A 1958 wata mai bincike a Amurka, Jean Berko, ta zana wata ƴar halitta mai kama da tsuntsu, ta laƙa mata sunan da babu shi a Ingilishi, "wug". Sai ta nuna wa yara ƴan shekara 4 zuwa 7, ta ce ga wug guda, ga wani ya ƙaru, yanzu sun zama biyu, su mene ne? Wajen 9 cikin 10 suka ba da jam'in daidai, alhali ba su taɓa jin kalmar ba. Amma ga inda abin ya fi jan hankalina. Akwai wani reshen ƙa'idar mai ɗan wuya, wanda ake ƙara gaɓa guda cikakkiya. Da aka ba yaran kalmar da suka saba ji a gida mai irin wannan jam'i, suka faɗe shi ba gargada. Da aka ba su ƙirƙirarriyar kalma mai irin ƙarshen, wajen 1 cikin 3 kawai suka iya. Wato na farko daga rumbu suka ɗauko shi, ƙirarsa ba ta zauna musu ba tukuna.

Kuna iya gwadawa a gida yau da dare. Ku zana wani abu a ƙasa ku ce wa yaro sunansa "zela", ku ƙara biyu ku tambaye shi. Da na gwada a gidanmu "zeloli" aka ba ni, har da kallon wai me ya sa nake tambayar abin da kowa ya sani. Yaron nan kuwa shi ne wanda bara ya shigo da gudu yana cewa "kazoji" sun shiga ɗaki, kakarsa ta yi ta dariya tana cewa Hausa ta lalace. Ba lalacewa ba ce. Masu nazarin maganar yara sun lura da haka a yaran Turawa: yaro kan fara faɗin kalma daidai don kwaikwayo yake yi, sai ya gano ƙa'ida ya dinga ɗora ta a kan komai har inda ba ta shiga, daga baya ya dawo daidai. Mai cewa "kazoji" gaba ya ci, ya gano ƙirar "motoci", har ya mai da "z" ta koma "j" yadda Hausa ke yi. Abin da yake buƙata shi ne ya yi ta jin "kaji" a bakin manya. Tsawa ba ta ƙara masa komai.

Wani abin da na ƙaru da shi: jam'in da muke gani kamar ya kauce hanya, sau da yawa shi ne ya riƙe tsohuwar siffar kalmar. Dawaki ya adana "w" da ta narke cikin "doki". Awaki ya adana tushen da ya murɗe cikin "akuya". Zukata ya riƙe "k" da ta ɓace cikin "zuciya". Wani Bajamushe, August Klingenheben, shi ya bayyana yadda irin waɗannan baƙaƙe ke narkewa a ƙarshen gaɓa, kusan shekara 100 ke nan. Mu nan yamma wani ɓangaren narkewar bai same mu ba, shi ya sa muke cewa zamna, amre, tumkiya, inda Bakano zai ce zauna, aure, tunkiya. Ka ga "tumkiya" tamu ta fi kusa da "tumaki". Duk wanda ya ce maka Hausar Arewa karyayya ce, ka ba shi wannan ya tauna.

Yanzu ga gwaji na biyu, wannan na manya ne. Faɗi jam'in "ido" da sauri. Idanu, ko? Haƙori? Haƙora. Takalmi? Takalma. To, hanci fa? Goshi fa? Na san an ɗan tsaya. "Hantuna" na nan cikin Hausa, amma yaushe rabonka da faɗinsa? Kowa hanci guda gare shi, idanu kuwa biyu-biyu suke zuwa. Masana sun raba sunaye gida biyu kan haka: waɗanda aka fi faɗi a tilo, da waɗanda aka fi faɗi a jam'i. Harald Baayen da abokan aikinsa sun auna wannan da harshen Holand a 1997, daga baya aka maimaita da nuna hotuna, da Jamusanci da Ingilishi. Abin da ya yi ta fitowa shi ne: in kalma irin ta "hanci" ce, jam'inta ya fi tilonta jinkirin fitowa, in kuwa irin ta "idanu" ce, wannan jinkirin ba ya nan. Fassarar da da yawa suka yi ita ce jam'in da ake yawan faɗi yana samun mazauninsa na kansa a ƙwaƙwalwa, ba ya jiran a ƙera shi daga tilo. Misalan Hausar nawa ne, gwajin da harsunan Turai aka yi shi, amma kun ji da kunnenku inda kuka tsaya.

Wani lokaci ma jam'in kan cinye tilon ɗungum. "Kuɗi" asalinsa jam'in "wuri" ne, wurin nan na cikin teku da aka yi ciniki da shi kafin zuwan Nasara. Yau ba mai jin "kuɗi" ya tuna da wuri, sai a karin magana, in an ce wuri na gugar wuri. Amma nahawunmu bai manta ba. Mu nan "kuɗi sun ƙare" muke cewa, kamar yadda muke cewa "ruwa sun ɗauke", inda a Kano za ka ji "ruwa ya ɗauke". Ruwan guda ne, daminar guda ce, amma kan Ba'are ya ajiye kalmar da tambarin jam'i, kan Bakano da tambarin tilo.

Wannan ya nuna yawan abu a ido daban, jam'i a nahawu daban. Shiga kasuwar Dutsi ko ta Tibiri ka saurara: jaka biyar, tiya goma, dami ɗari, kwana uku, mutum huɗu. Duk abubuwa ne da yawa, amma sunan yana tilo, don lambar ta riga ta ɗauki nauyin. Ka ce wa mai awo "jakunkuna biyar" ka gani, zai ɗauka jakar zuba kaya kake nema, ba kuɗi ba.

Akwai kuma tuntuɓen da mu masu magana a rediyo muka fi kowa yi. Ka so ka ce "mabuɗin ɗakunan ya ɓace", sai ka ji bakinka ya ce "sun ɓace". Mabuɗi guda ne, amma "ɗakunan" da ke kusa ya ja jimlar wajensa. Kathryn Bock da Carol Miller sun yi gwaji kan wannan a Amurka a 1991, suka ga abin ba ya tafiya daidai ta ɓangare biyu: jam'i yana jan tilo, amma tilo ba ya cika jan jam'i. Kamar dai jam'i na ɗauke da wata alama mai nauyi a kai, tilo kuwa hannu sake yake tafiya.

Iyayen ƴan lakkwal, ga naku. A Faransanci "s" ta jam'i rubuta ta ake yi, mafi yawa ba a furta ta. Yaronmu ya taso da harshen da jam'i ke kaɗa kunne, gida gidaje, sai a ce ya rubuta alamar da ba ya ji. In ya manta ta a dikte, ba daƙiƙanci ba ne. Masu bincike a Faransa, irin su Michel Fayol, sun nuna ƴaƴan Faransawa kansu suna shan wannan wahala, har manya masu ilimi kan zame in hankalinsu ya rabu. Yanzu da kundin sake gina ƙasa na 2025 ya ba Hausa matsayin harshen ƙasa a Nijar, matsalar za ta iya juyowa ta wancan gefe: rubutun Hausa ma yana da abin da kunne ke ji takarda ba ta nunawa, kamar yadda "mata" ta nuna mini.

Inda maganar ta fi nauyi shi ne wajen marasa lafiya. Tun 1861 wani likita a Paris, Paul Broca, ya bayyana wani majinyaci da ke fahimtar abin da ake gaya masa amma gaɓa guda kawai ke fita bakinsa, "tan". Bayan rasuwarsa aka tarar da rauni a ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwarsa. Shi ya sa wanda hawan jini ya kayar, ɓarin damansa ya shanye, sau da yawa maganarsa ma kan taɓu. Britta Biedermann da Lyndsey Nickels, masu bincike a Ostareliya, sun gwada irin waɗannan majinyata da hotunan abu guda da na abubuwa da yawa. Sun ga wasunsu jam'i irin na "idanu" ya fi zo musu daidai bisa jam'i irin na "hantuna", inda sukan koma su faɗi tilo.

Saboda haka in tsohonka ya tashi daga irin wannan ciwo, ya nuna awaki biyar ya ce "akuya", kar a yi saurin cewa hankalinsa ya gushe. Mai yiwuwa ya san biyar ne sarai, hanyar da ke kai shi ga kalmar ce ta toshe. A tambaye shi ya nuna da yatsu. A ba shi lokaci, kar a dinga ƙwace maganar daga bakinsa, kar kuma a yanke shawarar gonarsa da dabbobinsa a gabansa kamar ba ya nan. Wanda kuwa magana ta sarƙe masa farat ɗaya, ko baki ya karkace, ko hannu ya saki, a nufi likita da shi nan take, kar a ce sai gobe. A wannan ciwo awoyin farko su ne masu tsada.

Sanarwar nan dai mun gyara ta, an karanta sau uku da cikakken bayani, mata biyu da ɗiya tara, dattijon kuma ya aiko da godiya. Tun daga ranar, duk wanda ya kawo takardar rasuwa ko ta cigiya, sai mun karanta masa ita da baki ya ji kafin ya tafi, kuma muna roƙon a dinga sa lamba: mata nawa, ɗiya nawa, awaki nawa.

Muna kuma da roƙo ga masu saurare na Kieshe, Ɗan Kasari, Dogon Kiriya, Sukukutan, Gesheme, Dumega da Kore Mairuwa. Ƙamus ɗin Bargery na 1934 yakan ba kalma guda jam'i biyu ko uku, wani lokaci har ya faɗi yankin da ake amfani da kowane. Mu ma muna so mu tattara namu. A garinku jakkai kuke cewa ko jakuna? Sarakuna ko sarakai? Hannuwa ko hannaye? Ku tambayi tsofaffi, ku tambayi yara, ku lura in amsarsu ta bambanta, ku aiko muna ko ku kira a shirinmu na harshe da al'ada, za mu karanta su da sunan kowane gari.